Ƙyauren da Na Zana da Matsefi

Har yau idan na ji warin fenti da aka sirka da kananzir sai gabana ya faɗi. Makon jiya maƙwabcina a nan Kazaure ya kira mai fenti, ina fitowa warin ya bugi hancina, sai ga ni a ƙofar gidanmu na ƙauye, can wajen Roni, ina ɗan shekara goma sha biyar.

Ƙyauren zaurenmu na maɗaci ne, kakana ya sassaƙa shi tun kafin a haifi Baba. Ban tarar da shi a raye ba. Matarsa na tarar, Kaka, wadda kullum da la'asar take jingina da ƙyauren, farantin gyaɗa a gabanta. Akwai wani ɗan loko a gefensa, daidai inda take dafawa in za ta tashi, ya yi baƙi ya yi sumul. Da idonta ya yi rauni, da wannan lokon take gane ta iso gida.

Ni kuwa kunya ƙyauren yake ba ni. Na shiga sakandare a Kazaure, na ga ƙofofin ƙarfe, kaina ya kumbura. Gara ta ci ƙasan namu har kaji na shigowa ta nan, na dami Baba sai da ya yarda a canza. A bazarar da zai kai Kaka asibiti a duba idonta, ya bar wa mai walda sallahu, ni kuma ya ce, "Tsohon ka jingine shi bayan rumbu. Inna za ta tambaya."

Ba zan ɓoye maka ba, na ji shi sarai. Tsorona shi ne ta tambaya ɗin, ta sa a mayar. Kwana uku da tafiyarsu na ɗauki gatari. Katakon taurin tsiya gare shi, sai da tafin hannuna ya saluɓe kafin na gama faskara shi. Mahaifiyata ta dawo daga unguwa ta ga itace a tare a madafa, ta riƙe baki ta ce, "Kai, me ka aikata?" A lokacin ne hankalina ya dawo jikina.

Na taɓa tsayawa kallon wani mai fenti a Kazaure yana mayar da ƙarfe kamar katako, sai na ce ai shi ke nan, na sami mafita. Na sayar da zakarana na sayo fenti kala biyu. Na fara shafa wa sabon ƙyauren da mai walda ya kafa ruwan ɗorawa na bar shi ya bushe, washegari na sirka ruwan ƙasa da kananzir na bi kansa. Tun yana ɗanye na riƙa jan matsefin mahaifiyata daga sama zuwa ƙasa, ina ɗan karkaɗa hannu, nan da can in murɗa shi ya yi zagayen nan na inda reshe ya fita. Ya yi kyau, wallahi. Masu wucewa har ƙwanƙwasawa suke yi su ji. Ni da wautata na manta wace ce zan ruɗa.

Da azahar suka dawo a kan babur, idon bai gyaru ba. Kaka ta miƙa hannu kamar yadda ta saba, zafin ƙarfen ya sa ta janye da sauri. Ta sake miƙawa, ta yi ta laluben gefen, sama da ƙasa.

Baba, da bai san komai ba, ya ga fenti a farcena ya ce, "Aikin jikanki ne, Inna. Kamar katako sak."

"Sannu da aiki, maigidana," in ji ta, don haka take tsokanata. "Masu ido sun yaba. Ina tsohon?"

"Gara ta gama da shi, Kaka."

Ta kamo hannuna ta shafa tafin da babban yatsanta, ta bi ciwon ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana shafawa.

"Allah sarki," ta ce. "Garar nan ta sha wahala."

Ba ta kai ƙarata wurin Baba ba, ba ta kuma sake zama a zaure ba. Ƙarfe ba ya jinginuwa da bazara, sai ta mayar da farantinta ƙofar ɗaki. Ta ƙara shekara huɗu a duniya. Kullum ina cewa gobe zan durƙusa in ba ta haƙuri, kullum kunya ta hana ni, har aka fita da ita ta ƙofar nan.

Yanzu irin wannan fenti ya cika gari, har da roba ta musamman ake jan zanen, ba wanda ke satar matsefin uwarsa. Ƙofar gidana dai tana nan da jan fentinta na wajen mai walda. Maiɗakina ta gaji da cewa in sa a yi mata irinsa.

Da na dawo daga aiki ran nan, maƙwabcin ya tare ni yana murna. "Zo ka gani, Malam. Wa zai ce ba katako ba ne?"

Na rufe ido na ɗora tafin hannuna a ƙofarsa. Da zafi. Na tarar yatsuna suna laluben gefen.

"Masu ido za su yaba," na ce masa, na shige gida.