Masrizal, Mai Ɗaura Waya Ta Biyu

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, kuma ina roƙonSa Ya riƙe mini hannu kada in ƙetare haddi, domin da fushi na zauna rubutun nan.

Duk wanda ya saba sallar asuba a masallacin kwalejinmu da ke gefen birnin Padang ya san dattijon nan da muke kira Pak Masrizal. Ana sallamewa sai ya nufi rumfar mai sayar da kofi, Uni Rosmaniar, ya sha kofinsa a tsaye, ya saɓa tsani a kafaɗa. Aikinsa shi ne kafa fararen na'urorin nan masu kama da faranti, waɗanda ke watsa intanet a azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ya fara da baƙin gashi, ga shi yau kansa ya yi fari fat.

Kowane gini da irin riƙon da yake yi masa. Inda silin ke da sandunan ƙarfe, sai ya sa maƙali mai cizon sandar. Bangon kankare kuwa huda shi yake yi, ya murɗa kusa har ta zauna daram. A tsohon zauren taro, inda kakanninmu suka sassaƙa ginshiƙan katako, bai taɓa yarda ya huda ko ɗaya ba: ɗamarar ƙarfe yake zagaya wa ginshiƙin, ya shimfiɗa roba a ƙarƙashinta. Amma ko wanne ya zaɓa, ba ya sauka sai ya ƙara wata siririyar wayar ƙarfe, ya ɗaure na'urar da ita a jikin ginin kansa, can bayan silin inda ido ba ya kaiwa. Ƙasarmu tana motsi, kowa ya sani.

Uni Rosmaniar takan tsokane shi cewa shi kaɗai ne a garin nan yake ɗaure faranti kamar akuya. Sai ya ce, "Akuya ai gudu take idan ƙasa ta girgiza, Uni. Wannan kuwa kan 'ya'yan mutane yake nema."

Na gan shi da idona a ɗakin hadda. Kafin ya jingina tsani sai da ya yi alwala, ya kwashe Alƙur'anan da ke kan kanta, ya kai su ɗaki na gaba, domin ba zai yarda ƙafarsa ta yi sama da Littafin Allah ba. Wannan ne wasu manyan ofis suke kira ɓata lokaci.

To, ga abin da ya faru. 'Ya'yansa suka haɗu suka tura shi Umra. Yana can aka ji cewa masu duba makarantu suna tafe, ga sabon ɗakin haddar 'yan mata babu intanet. Mataimakin shugaban sashen ayyuka ya ɗauko ma'aikata daga waje, suka liƙa na'urorin a silin da gam, suka tafi kafin la'asar. Baƙi suka zo, suka yaba, aka ɗauki hotuna. Zafi da danshin damina suka yi ta cin gam ɗin. Bayan Masrizal ya dawo, wata rana da hantsi ƙasa ta ɗan motsa, motsin da ko kofi bai zubar ba, sai faranti guda ya faɗo ya tsaga girar wata ɗaliba, Yusnimar, tana tsakiyar karatu.

Da aka zauna taro, mataimakin nan ya buɗe baki ya ce ai na'urori sashen Masrizal ne, tsufa kuma ya fara taɓa shi. Waɗanda suka san gaskiya suka sunkuyar da kai. Aka matso masa da ranar ritaya, ba walima, ba addu'a. Mahaifin yarinyar, wanda suke sahu ɗaya da shi a masallacin unguwa, ya daina amsa masa sallama har yau.

Wace irin zuciya ce wannan? Mutum yana ɗawafi a Makka, a ɗora masa abin da aka liƙa a Padang! Ku da kuka yi shiru a taron nan, a kwalejin da ake koyar da hukuncin ƙazafi da na ɓoye shaida, me za ku karantar gobe? Sunan mumini amana ne, kuma za a tambaye ku.

Na same shi na ce don me bai kare kansa ba. Ya kira ni da laƙabin da ake kiran malamai a nan, ya ce, "Buya, na dawo na bi ta ƙarƙashinsu ban ɗaga kai ba. Wannan kam nawa ne." Ragowar kwanakin aikinsa kuwa a kan tsani ya ƙarar da su, a ɗakin nan da aka ɓata masa suna, yana ɓamɓare gam yana ɗaura waya.

Kai ne mai aikin da ba a gani sai ranar da ƙasa ta motsa, Masrizal. Kai ne ka riƙa tsoron Allah a bayan silin, inda babu mai duba ka. Ka ɗauki laifin rashin ɗaga kai, amma ni ba zan bari su ɗora maka sauran ba. Tawali'unka ba izini ba ne ga mai ƙarya. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa wayoyin nan su zama nauyi a mizaninka. Masu tasowa kuma su koyi ɗaura waya ta biyu, a kowace irin sana'a suke.

Ga shaidata na bayar, kuma ina so ta isa kunnen mahaifin Yusnimar kafin Juma'a. Tsanin Masrizal yana nan jingine a bayan ɗakin ajiya. Duk mai shakka ya kai shi ɗakin haddar, ya hau, ya ɗaga silin: zai ga tabon gam ɗin wasu, zai ga sabuwar waya a gefensa. Amma ya fara kwashe Alƙur'anan tukuna.