Kwanon Gilas daga Yanbu

Shekarata ta farko a gidan miji, a unguwar Uhudu, ban riƙe muciya ba ko sau ɗaya. Ba rashin iyawa ba ne. Ni ce babba a ɗakinmu, tun ban kai tsayin turmi ba nake tuƙa tuwo. Amma iyayena daga Sudan suka zo Madina, zuwan jiya-jiya a idon dangin mijina, waɗanda kakanninsu ne suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa don aikin hajji suka zauna. Satin da na tare, surukata ta ɗanɗana miyata, ta juya harshe a baki, ta ce, "Wannan ta Sudan ce." Ba ta ce da daɗi ba, ba ta ce babu ba. Daga ranar dai aikina ya koma wanke-wanke da tsince shinkafa.

Ba muguwa ba ce, kada a fahimce ni a baibai. Mace ce mai tsare kicin ɗinta kamar yadda kaza ke tsare ƙwai. Idan za ta aike ni sai ta ce, "Yarinyar nan ta zo." Ni kuwa abin yana ci mini rai ƙwarai, don macen da ba a ci girkinta a gida baƙuwa ce, ko da ta shekara goma.

Mijina a lokacin yana aiki a matatar mai a Yanbu, farkon shekarun tamanin. Ranar Alhamis yake zuwa, Juma'a da yamma ya juya. A can akwai Turawan Ingila, kuma a ɗakin cin abincin kamfani ne ya haɗu da wani abin zaƙi nasu da ya ɗauke masa hankali. Tiraifil, in ji shi. Duk zuwan da zai yi sai na sha labarinsa.

"Hawa-hawa ne kamar bene," ya ce, yana ɗora tafin hannu kan ɗan'uwansa. "Ƙasa kek, sai 'ya'yan itace, sai wani ja mai rawa, sai kwastad, sai fari a sama. Kowanne a mazauninsa. Wallahi kafin ki ci, idonki ya ƙoshi."

"To, da me suke jiƙa kek ɗin?"

"Su a ƙasarsu da abin da ba a faɗa. Kukunmu da ruwan abarbar gwangwani yake yi."

Wannan mutum ko ruwan shayi bai iya dafawa ba, amma shi ne malamina, tunda ba Baturen da zai shigo Madina ya nuna mini. Wata Alhamis ya sauko daga mota a Bi'ir Ali, can bakin Madina, rungume da wani abu cikin tawul, har direban da ya ƙaraso da shi gida ya tambaye shi ko jariri ne. Kwanon gilas ne, babba, mai zurfi. Ya ce idan ba a gilas aka yi ba, an yi aikin banza, don ba wanda zai ga hawan.

Na fara gwaji a ɗakina cikin kofunan shayi. Karon farko na zuba kwastad da zafinsa a kan jeli, jan ya narke ya haura sama, muka shanye da cokali muna dariya ƙasa-ƙasa kada a ji mu. A hankali na gane sirrin ba wani abu ba ne illa haƙuri. Sai na ƙasa ya huce ya kama jikinsa kafin a ɗora masa wani.

Ana nan sai ƙanwar mijina ta sauka lafiya, aka sami ɗiya mace. Surukata ta zauna tana rabon aikin suna: wannan shinkafa, waccan nama, waccan masa. Ni na riga na san rabona, har na fara neman soso. Sai mijina ya durƙusa gefenta ya ce, "Inna, a bar ta ta yi abin zaƙi mana. Ta iya wani na Turawa."

Ta dube shi, ta dubi inda nake raɓe a bakin ƙofa.

"Ɗayyib, na yarda," ta ce. "Yarinyar nan ta yi mu gani."

Matan unguwarmu ba sa mantuwa. Akwai wadda shinkafarta ta caɓe a wani biki tun kafin a haife ni, har a lokacin ana ba da labarin. Na san idan aka yi mini dariya ranar sunan nan, ni da soso sai tsufa.

Ranar, ina idar da sallar asuba na shiga aiki. Na yayyanka kek na shimfiɗa a gindin kwanon, na yayyafa masa ruwan abarba har ya sha. Na jera abarbar da ayaba a jikin gilas yadda za a gan su daga waje. Na zuba jeli ja, na kai firiji, na dawo ina leƙawa kamar mai jiran haihuwa. Da ya daskare na ɗora kwastad mai sanyi, da bayan cokali, a hankali, ko numfashin kirki ba na yi. Sai kirim fari a sama. Daga ƙarshe na tsaga dabinon Madina siri-siri na yi masa ado, wannan kam ba a Yanbu aka koya mini ba.

Na ɗaga kwanon saitin taga. Ja, rawaya, fari, kowanne da layinsa. Ban taɓa yin abu mai kyau haka da hannuna ba, har ƙwalla ta zo mini. Na rufe da faranti, na tura shi can cikin firiji, tallaja in ji surukata, na tafi zuba wa baƙi gahawa.

Gida ya cika maƙil. Tsofaffi suna Hausa, 'yammata suna amsa musu da Larabci, jaririya tana nata yaren. Bayan la'asar aka kwashe farantan shinkafa, na ce to, lokacina ya yi. Na gyara mayafi na nufi kicin, sai na tarar an turo ƙofar. Na tura.

Surukata ce zaune a kan 'yar kujera, kwanon gilas ɗina tsakanin gwiwoyinta, ludayi a hannunta, gumi yana bin goshinta. Tana damawa da ƙarfinta duka. Ja da rawaya da fari sun tafi, abin ya koma launin kunun kanwa. A gefenta ga kwanon nono, ashe da ta ga ya yi kauri har ta ɗan sassauta shi.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon kwanon.

"Yalla, maza rufe ƙofa kada a gani," ta ce da raɗa. "Allah ne ya sa na buɗe tallajar nan neman ƙanƙara. Garin gaggawa kin manta ba ki dama ba! Kowane abu zaune a gefensa kamar masu gaba. Da haka za ki kai wa mutane? Wata ta sha madara zalla, wata ta tashi da burodi, gobe duk Uhudu a ce matar ɗana ba ta iya damu ba?"

Ta share gumi da bakin mayafi, ta ci gaba da murje gudajin kek a jikin gilas. Matar da ke fama da ciwon kafaɗa, wadda ko tulu ba ta iya ɗagawa, ta baro baƙinta a falo ta zo ta ɓuya tana wannan aiki.

"Halas, shi ke nan, ya haɗu," ta ce. "Kada ki yi kuka. Kowa yana mantuwa. Ba mai jin wannan daga bakina, 'yata."

Kukan da ta hana shi na yi. Ita tana zaton na kunya ne. Ni kaina ban san ko na aikin asubata ba ne, ko na kalmar da ta kira ni da ita, wadda na shekara ina jira.

Da kanta ta ɗauki kwanon ta shiga gaba. Aka kawo kofuna da ludaya. Wata tsohuwa 'yar Chadi ta kurɓa, ta lumshe ido ta ce, "Masha Allah, ashe Turawa ma suna fura!" Aka yi ta miƙo kofi ana neman ƙari. Da aka tambayi wa ya yi, surukata ta ɗaga murya yadda na bayan ɗaki za su ji.

"'Yata ce. Ita kaɗai ta yi abinta."

An kai wa maza nasu a jug. Jim kaɗan sai ga mijina a bakin labule, kofi a hannu, yana leƙa ciki yana dubana. "Ina hawan...?" ya fara. Na yi masa wani kallo, ya haɗiye sauran maganar tare da abin da ke kofin.

Washegari da hantsi ina haɗa kwanukan wanki, ta miƙo mini muciya ba tare da ta dube ni ba. "Ɗora mana tuwo," ta ce. "Ki yi miyar nan taku ta Sudan."

Daga nan duk wani suna ko walima a dangi, sai a ce in yi furar Turawa. Nakan tashi da asuba in jera shi hawa-hawa, in ɗaga shi saitin taga in more kallona, sannan in kai mata da ludayi. Takan girgiza kai ta ce, "Ke dai da mantuwa," ta sa hannu. Har ta koma ga Allah ba ta faɗa wa kowa na manta ba, ni ma ban taɓa faɗa mata ban manta ba.