Istihara a Kan Tsohon Bidiyo

Lokacin da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, aka ɗan taɓa albashin ma'aikata, sai wata na'ura ta shigo layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, wai ita dibidi. Wanda ya fara saye maƙwabcina ne, malamin sakandare ɗan Kudancin Kaduna, mutum mai son tsokana. Ya kira ni in sa albarka. Na ga abu siriri kamar allo, ya zaro harshe, ya haɗiye faifai, hoto ya fito tas.

"Malam," in ji shi, "kai har yanzu kana fama da raƙumin nan naka mai cin kaset?"

Na yi dariya, amma maganar ta biyo ni gida.

Raƙumin da yake nufi bidiyonmu ne, baƙi, mai nauyi, yana zaune a ɗakin uwargida ƙarƙashin wani ƙyalle da ta saƙa masa. Ni ke goge shi, ni ke lallaɓa shi in ya tauna zare. Ni na rubuta wa kowane kaset suna da ajami a ƙeya: na tafsiri, na wa'azi, da na bikin sunan 'yarmu ta fari. A cikin wannan na ƙarshe surukata, Allah ya jiƙanta, ta fito tana raba goro tana faɗa da mai ɗaukar hoto. Uwargida kan saka shi duk ranar da kewar mahaifiyarta ta taso.

Wani mai shago a kasuwar Tarauni ya ce in kawo tsohon, in yi ciko, ya ba ni sabo. To, ni ba mai gaggawa ba ne, sai na shiga shawara. Na tambayi 'yan majalisarmu, suka rabu gida biyu, har shayi ya huce. Na tambayi mai gyaran rediyo, ya ce kaset ya kusa zama tarihi. Na tare liman bayan La'asar, ya ce na'ura ba ta da laifi, sai abin da aka zuba mata. Daga nan na yi alwala, na yi nafila, na yi istihara. Zuciyata ta natsu a kan musanya, ko da yake ina zaton tun kafin alwalar ta natsu.

Wata Asabar da hantsi na tsayar da ɗan acaɓa a ƙofar gida, na shiga ɗaki, na zare wayoyi, na rungumo raƙumi. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da uwargida, hannunta duk garin kuka.

"Malam, gyara za a kai shi?"

"Musanya. Na yi shawara sosai, har istihara na yi."

"Masha Allah. A kan kayan wa?"



"Ranar da aka yi mini jere," ta ce, "tare da gado da kwabat ya shigo gidan nan. Babana ya saya. Ko shi ma gadon an yi masa istihara?"

Kayan ɗaki na mace ne, kowa ya san haka. Ni kaina na sha faɗa wa angwaye. Amma shekarun goge-goge sun sa na naɗa kaina mai shi. Na zagaye unguwa da tambaya, na kai maganar har gaban Ubangiji, ban biya ta wajen mai kaya ba.

"Kuma siririn nan da kake so," ta ƙara, "ta wace ƙofa Inna za ta shiga cikinsa?"

Wannan tambayar duk cikin masu ba ni shawara babu wanda ya yi ta.

Na mayar da raƙumi mazauninsa. Wayoyin da na zare da ƙarfin hali suka rikice mini, ita ta wanke hannu ta jona. Ɗan acaɓa yana ta oda a waje, na fita na ba shi haƙuri. Da na dawo har ta saka kaset ɗin don gwaji. Ga surukata nan, tiren goro a hannu, tana nuna yatsa daidai inda nake tsaye. Na yi mata addu'a, na nemi gefen tabarma na zauna.

Da yamma maƙwabcina ya leƙo ta katanga.

"Malam, ina sabon?"

Na ce, "Raƙumin yana da mai shi, kuma ta ce ba na sayarwa ba ne."