Mai Sunan Baƙo

Mai ɗakina na da cikin fari, wata ya kusa, sai Baba ya kira ni zaure bayan la'asar. Na ɗauka maganar ragon suna zai yi mini. Ya daɗe yana gyara zaman tabarma, sannan ya ce in Allah ya sa namiji ne, yana son a sa wa yaron sunan mahaifinsa.

Na ce, “Ai wannan ba abin roƙo ba ne, Baba. Sunan Malam dai ko?”

Malam shi ne tsohon da na tashi na tarar a gidanmu na Matameye, mijin Kaka, wanda sunansa ke bin na Baba a duk takardunsa. Baba ya girgiza kai. Ya ce Malam riƙonsa ya yi, Allah ya saka masa da aljanna, bai taɓa nuna masa bambanci ba. Amma wanda ya haife shi wani baƙo ne mai haƙar rijiya, ya rasu Kaka na da cikinsa. Na san da wannan magana sama-sama. Abin da ban sani ba shi ne Baba bai san sunan mutumin ba.

Ya ce, “Na haura saba'in. Kullum na idar da salla sai in ce Allah ya jiƙan mahaifina. Allah ya san wanda nake nufi. Ni ne ban sani ba.”

Abin haushin, Kaka na nan da ranta a ɗakin ƙurya, hankalinta garau, ba abin da ke wuce ta a unguwa. To amma Baba ɗan farinta ne. Tun da nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin sun zauna hira ba. In tana da magana sai ta dubi bango ta ce, “A gaya wa mutumin zaure hatsi ya ƙare,” shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Ga kunyar ɗan fari, ga ta mijin fari. Baba ya ce sau ɗaya ya taɓa tambayarta, yana saurayi, sai ta ɗaure kayanta ta tafi gidan yayanta a Ɗan Barto, sai da aka je biko.

Na ce a raina wannan aikin jika ne. Ni da Kaka ba kunya, mijin banza take ce mini tun ina rarrafe. Na sayi goro fari mai kyau na shiga ɗakinta.

“Yau kuma mijin banza ya tuna yana da mata? Me kake nema?”

Na ce labarin kishiyata nake so, wanda ya riga ni. Ta yi dariya har da tari, ta fasa goro, labari ya ɓalle. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Daga gabas ya zo, wajen ƙasar Barebari, ba shi da kowa a nan, daga shi sai igiya da dagi. In yana cikin rami yakan yi waƙa da harshensu, muryar na fitowa sama, 'yan mata su taru suna leƙe. Furarsa in ba yaji ba ya sha. Ta gaya mini har kalar rigar da ya sa ran ɗaurin aure.

Na ce, “To Kaka, yaya sunansa?”

Ta tsayar da taunar goro. “Ashsha! A bakina?”

Na ce ta raɗa mini a kunne. Ta ƙi. Na ce ta gaya wa bango kamar yadda ta saba, ni zan tsaya a waje. Ta ce ba ni da mutunci. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce mutumin nan ya fi shekara saba'in a ƙasa, wa zai ji? Ta ce, “Ni zan ji.” Ta juya mini baya, goron ma ta ture shi gefe.

Tunda gida ya gagara, na ce bari in bi rijiyoyinsa.

Ta farko tana lakwal, wato makarantar bokon da na yi, bayan azuzuwa, gindin darbejiya. An daɗe da rufe bakinta da siminti, tun zuwan famfo. A kanta muke zama muna cin ƙosai lokacin hutu, ban taɓa tambayar kaina wa ya haƙa ta ba. Aka haɗa ni da tsohon gardin makarantar, wanda yana cikin yaran farko da aka kamo aka sa a lakwal ɗin. Ya ce a lokacin ba gini, rumfar zana ce kawai. In aka ji masu ɗaukar yara sun shigo unguwa, uwaye sai su jefa 'ya'yansu cikin rumbu su rufe. Waɗanda aka kamo kuwa, in mushe, wato malaminsu, ya aike su ɗebo ruwa a bakin gari, sai su ajiye tulu su bi ta cikin dawa, ba a sake ganinsu sai an je da dogari. Shi ya sa kumandan, Baturen mulki, ya ce a haƙa rijiya cikin filin makaranta.

Ikon Allah! Ashe don a tsare yara aka haƙa ta.

Na ce, “To wanda ya haƙa fa, Baba?”

“Dogo! Wa zai manta Dogo? Matakan da ya sassaƙa a jikin rijiyar nan, don nisansu ba wanda ya iya sauka yasa sai da igiya a ƙugu.” Ya dube ni sama da ƙasa. “Kai ne jikansa? To ina tsawon ya tafi?”

Na haɗiye wannan, na ce sunansa na yanka nake nema. Ya ce shi yaro ne a lokacin, yaro kuwa ba ya tambayar babba sunansa.

Ta biyu tana tsohuwar likita, wato asibitin garin. Can wata tsohuwar ungozoma, da yanzu ba ta gani sosai, ta ba ni nata labarin. Ta ce da farko ɗaki ɗaya ne da malamin likita ɗaya, kuma ba mai zuwa, mutane na tsoron allura kamar mutuwa. Sai aka yi rijiyar, ruwanta ya fito da daɗi, ba gishiri. Mata suka riƙa zuwa da tuluna, goyo a baya, shi kuwa malamin yana zaune a inuwa da kayan lambarsa ta rigakafi. Kina sunkuyawa jan guga, ya kama hannun yaron. Ta ce rabin tabon lambar da ke hannun tsofaffin garin nan a bakin rijiyar nan aka yi shi. Na yi dariya har na kusa manta abin da ya kawo ni. Da na tambayi sunan, ta ce, “Babarbaren nan? Haba ɗana, mu 'yan mata ina ruwanmu da sunan namiji baƙo? Ka tambayi matarsa mana.” Na ce na gode.

Ran kasuwa na zauna da tsofaffin rumfar masu igiya. Nan ne na yi da-na-sanin buɗe baki. Wannan ya kawo suna ya rantse, wancan ya ce ƙarya ne ya kawo nasa ya rantse, wani can ya ce ai duk Babarbare sunansa kaza. Suka bar ni a zaune suka koma musun shekarar da aka tashi kasuwar daga tsohon wurinta. Limamin da ya ɗaura auren ya rasu, waliyyin ya rasu, Malam da wataƙila ya sani, ba wanda ya tambaye shi yana raye.

Na hau kabu-kabu na nufi wani ƙauye a hanyar Dawce, inda Kaka ta ce zazzaɓi ya kama shi yana cikin aikinsa na ƙarshe. Rijiyar na nan, har yau ana sha, rijiyar Dogo suke ce mata. Na leƙa na ga matakan da idona, tsakaninsu da nisa kamar yadda gardi ya faɗa. Aka nuna mini maƙabarta, amma ba wanda ya san wane kabari ne. Na cika jarka da ruwan na kawo wa Baba. Ya karɓa ya sha a tsaye, ya sake sha, ya ce a ajiye masa sauran kada yara su taɓa. Tausayinsa ya kama ni, don abin da na iya kawo masa ke nan.

Ana cikin haka mai ɗakina ta sauka. Namiji.

A gidanmu ran haihuwa ake huɗuba, Baba ya raɗa wa jariri sunansa a kunne, a ɓoye shi sai ran suna. Wannan karon ya ɗauki yaron ya yi masa kiran salla kawai, ya mayar. Kwana na tafiya, dangi na tambaya. Daga baya ya ce mini in bai samu ba a sa sunan Malam, ba komai. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Saura kwana biyu suna, tsakar gida ta cika da mata ana daka, Kaka na zaune bakin ɗakinta tana tsara wa za a kai wa goron gayyata. Ni ina tsugune da buhu ina ƙullawa. Tun ran nan ba ma dogon zance da ita. Tana kiran mutanen unguwa da sunayensu, kowa da guntun zagi a haɗe. Wane mai rowa, a ba shi biyu ya ji kunya. Wance mai baki, a fara da ita kada ta cinye mu.

“Da mai sunan baƙo, mai facin taya na bakin titi.”

Na ƙulla nasa. Ta ci gaba, ta ci gaba, har ta zo gidan liman.

“Kada a manta da mai sunan baƙo, ƙanen liman.”

Hannuna ya tsaya a cikin buhu. Mai facin taya na san sunansa. Ƙanen liman ma na san nasa. Suna ɗaya ne. Sai na tuna wani abokina na lakwal da yakan biyo ni gida, shi ma haka take kiransa, kuma shi take kankare wa ƙanzo ta hana ni, ina ta jin haushi. Shi ma sunan ke nan.

Kai, jama'a! Tun muna yara muke jin wannan kalma a bakinta. Mun san in ta ce mai sunan Malam, takwaran Malam take nufi, don ba ta iya faɗa. Amma mai sunan baƙo mun ɗauka cikin laƙabobinta ne, tunda kowa ta raɗa masa nasa. Baba kansa ya girma yana ji. Ba wanda ya taɓa cewa, wane baƙo? Na zaga lakwal da likita da kasuwa, na sha rana har ƙauye, ga shi ana faɗa a tsakar gidanmu. Kuma ba ya cikin sunayen da tsofaffin kasuwa suka yi ta rantsuwa a kai.

Na bari mata suka ragu, na matsa kusa da ita. Na ce, “Kaka, ba tambayar nan zan yi ba. In na sa wa yaron nan sunan mai facin taya, ke me za ki riƙa ce masa?”

Ta dube ni. Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta kamar amarya, tsohuwar da ta ga 'ya'yan jikokinta. Daga cikin mayafin ta ce, “Ashe ba zan taɓa kiran yaron nan ba.” Na ga kafaɗunta na rawa. Ban san ko kuka ne ko dariya ba, ban kuma tsaya tambaya ba.

Na sami Baba a zaure. Da na zo faɗa sai ni ma bakina ya yi nauyi. Na ce, “Baba, sunan mai facin taya ne.”

“Wanne? Wanda nake kai wa kekena?”

Na ce shi.

Can ya ce, “Shekara nawa ina ƙwala masa kira daga tsallaken titi.” Ya share ido da hannun riga, ya ce a kawo masa yaron. Aka kawo. Ya kai bakinsa kunnen jaririn, na ga leɓensa ya motsa, ya daɗe a sunkuye. Ran suna da maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa wa duniya, mata suka yi guɗa, Kaka ta shige ɗaki ta saki labule.

Yaron yanzu yana lakwal ɗin nan, yana cin ƙosai a kan rijiyar. Kaka har ta rasu Baƙo take ce masa. Shi ɗan farina ne, na uwarsa ma haka, don haka kada ku nemi sunan a nan. Sai dai na gaya masa labarin duka, mushe kuma na kiran sunan da ƙarfi kowace safiya, ba zai sake ɓata ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki tayar keken Baba ta sace, na raka shi bakin titi. Mai facin na sunkuye kan kwanon ruwa yana neman huji, bai gan mu ba. Mutumin ko hamsin bai kai ba. Baba ya buɗe baki zai kira shi kamar kullum, sai ya rufe. Ya tura keken ya tsallaka titi, ya tsaya a gabansa har ya ɗago kai.

Baba ya ce masa, “Sannu da aiki, Baba.”