Baiwa Mai Daddawa da Jujin Bayan Gida

A Matameye, tun Nasara ba su taka ƙasar Damagaram ba, an yi wata mai daddawa da ake kira Baiwa. Kafin ka ga gidansu hancinka ya gaya maka ka iso, kafin ka yi sallama kuma muryarta ta tarye ka, don Allah bai halicce ta da magana ƙasa-ƙasa ba. Gajera ce, baƙa wuluk, da tabon igiya a wuyan hannunta wanda ba ta taɓa yarda ta rufe shi da warwaro ba.

Sunan nan nata tsoro ne ya raɗa mata shi. Uwarta mai wabi ce, duk ɗan da ta haifa ba ya kai yaye sai ya koma. Da aka haifi wannan, tsofaffi suka ce Shaiɗan ne ya sa wa gidan ido, sai an yi masa dabara. Aka naɗe jaririya cikin tsumma aka ajiye ta a kan juji, wata maƙwabciya ta zo ta yi kamar tsintar ta ta yi, aka ce ai wannan ba ’yar gida ba ce, baiwa ce kawai, ba abin kwaɗayi a jikinta. Ta rayu kuwa. Sai dai ba ta isa aure ba mahara suka ritsa da ita tana tsinkar ɗorawa a dajin Tsauni, suka yi kudu da ita. Abin da aka faɗa don a ruɗi Shaiɗan, ’yan Adam suka mai da shi gaskiya.

Daga wannan hannu zuwa wancan, har ta tsinci kanta a Lokoja, inda manyan koguna biyu suka haɗu. A can wasu masu bin Almasihu suka fanshe ta, suka ba wata tsohuwa Banufiya riƙonta. Tsohuwar ta lura in an kira yarinyar da ƙarfi sai ta firgita ta hau waige-waige. Da ta matsa mata, Baiwa ta ce ɓoye ta aka yi tun tana jaririya, tsoro take kada mai neman ta ya ji inda take. Tsohuwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

“Ke yarinya, a kasuwar da aka tsayar da ke, kin taɓa ganin wani ya mari baiwar wani ba da yardar mai ita ba?”

Baiwa ta ce a’a, ko haƙoranta za a duba sai an tambaya.

“To, ke yanzu kina da Mai ke. Mu abin da aka koya mana, Almasihu ya fanshi nasa, Shaiɗan kuwa ɗan kallo ne a kasuwar. Ya iya zagaye, ya iya cika baki, ya iya raɗa miki tsoro a kunne. Amma ko Ayuba, sai da ya je ya roƙi izini kafin ya taɓa tumakinsa, aka kuma shata masa iyaka, bai isa ya tsallake ba.”

Wannan magana ta zauna wa Baiwa daram, kuma daga ranar muryarta ta buɗe. Bayan tsohuwar ta rasu ta biyo ayarin fatake masu goro ta dawo gida da furfura a goshi. Ta tarar iyaye sun daɗe a ƙasa, sai wani ƙane, Illa, wanda aka haifa bayan an sace ta. Tsagar fuskarta ya duba, ya ga irin tasa ce, ya ba ta ɗaki. Mutanen gari suka laƙaba mata Baiwar Nasara. In an tambaye ta wai ita yanzu wace hanya take bi, sai ta ce, “Mai ni ya san ni,” ta ci gaba da kirɓa kalwarta. Aka kai wa malamin unguwa zancen Ayuba da Shaiɗan da take yawan faɗa, ya ce a nan kam ba ta yi ƙarya ba, su ma haka suka karanta, la’ananne ba shi da iko a kan bayin Allah. Sauran zancenta kuwa ita da Ubangijinta. Masu gulmar ba su fasa sayen daddawarta ba, don miya ba ta san gulma ba.

Matar Illa, Zainabu, ita ma wabi take yi. Uku ta binne. Da ta haifi na huɗu, namiji, ran suna da safe aka yanka rago, malam ya raɗa masa Lawwali. Maza na watsewa ungozoma ta tuɓe masa sabon zane ta naɗe shi a tsumma. Ta ce sunan nan a haɗiye shi, kada kowa ya ƙara furtawa. Juji za a kai shi, a tsinto shi, a riƙa ce masa Ajuji.

Baiwa ta ajiye taɓarya ta tare ƙofar baya.

“Inna, ina za ki da shi?”

“Inda aka kai ki kika rayu. Matsa min, rana na yi.”

“Na rayu, ƙwarai. Kuka ce ni baiwa ce, aka zo aka ɗauke ni a bakin maganarku. Dubi hannuna! Yau kuma za ku ce wa wannan shara, ku jira ku ga wanda zai zo kwashewa?”

Illa ya shigo ya goyi bayan ungozoma. Mutum ne mai sanyin hali, ga shi ya haƙa ƙananan kaburbura uku da hannunsa, ba wanda zai ga laifinsa.

“Yaya, don Allah ki bari. Me zai rage ki in an yi? Ɓoye shi kawai za mu yi.”

“Daga wa? Illa, wanda ya isa ya kashe ɗa, tsumma ne zai ruɗe shi? In kuwa bai isa ba, me ya sa za ka durƙusa masa?”

“To ki ji,” in ji Illa, “in kika hana, yaron nan ya mutu, alhakinsa na wuyanki. Ba ni ba ke, kuma ki nemi wani gidan.”

Mace mai furfura, ba miji ba ɗa, in ta bar gidan ƙanenta ina za ta? Kowa ya san amsar, har ita. Sai ga Zainabu ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Ta karɓi ɗanta daga hannun ungozoma, ta kwance tsumman ta yar, ta miƙa wa Baiwa shi. Ta ce ta gaji da haihuwa a ɓoye kamar wadda ta yi sata.

Baiwa ta hau jujin nan da ƙafarta, kaji na watsewa, ta ɗaga jaririn sama.

“Kai mai laɓe, in kana nan buɗe kunnenka! Sunansa Lawwali! Ɗan Illa ne, ɗan Zainabu, ga ɗakinsu can. Yana da Mai shi. In kana so, je ka tambayo!”

Mata suka toshe kunnuwa suna salati. Ungozoma ta tafi ko tuwon suna ba ta ci ba.

Yaro ya yi wayo, ya fara rarrafe. Uwarsa da gwaggonsa na kiransa Lawwali gaba gaɗi, uban kuwa bai taɓa yarda sunan ya fito daga bakinsa ba, sai dai ya ce “yaron nan”. Da bazara ta zagayo agana, ciwon ƙurajen nan mai kisa, ta shigo gari, ta bi gida gida, ta kama Lawwali. Illa ya ɗauki tukunyar daddawar yayarsa ya kai zaure ya ajiye, ta kuwa gane alamar kora ce.

Kada a ce Baiwa ba ta ji tsoro ba. Ta ji, amma ba ta fasa ɗiga wa yaron ruwa a baki ba. Ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, ta rungume shi da ƙurajen da komai, tana kore masa ƙuda. Zainabu ta zauna bakin ƙofa ido ya kumbura.

“Yaya, in ya mutu fa?”

“In ya mutu, Mai shi ne ya karɓi abinsa. Ban taɓa ce miki ba zai mutu ba, ni wace ce? Abin da na ce, wancan ɓarawon ba zai samu ba. Ko nan ko can, ba nasa ba ne.”

Ƙurajen suka bushe, yaro ya nemi nono. Ya tashi da zanzana a fuska, amma ya tashi. Bai gama murmurewa ba ciwon ya kwantar da Baiwa, kuma ita bai zo mata da wasa ba. Nan da nan zance ya zagaye rijiya: ai ga shi, ta tsokano, an yi musaya, an saki yaro an kama ta.

Illa ya mai da tukunyar inda take. Ya shigo ɗakin da hantsi ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

“Yaya, ki yafe min. Ungozoma ta ce in aka ba da baƙar akuya Shaiɗan zai sake ki. Ga ta can na ɗaure.”

Fuskarta ta kumbura har idanu sun rufe, muryar nan da ake ji daga bakin kasuwa ta koma raɗa. Sai da ya kai kunnensa bakinta.

“Kwance akuyarka, yaro na bukatar madara. Ba wanda ya kama ni. Baiwa ce, Mai ita ya aiko kira, sai ta tsaya sallamar ɗan kallo?” Ta numfasa. “Abu guda nake so. Muryata ta tafi. Kira min yaron da sunansa in ji.”

Illa ya waiga. Yaron na tsakar gida yana jan kunnen akuyar. Illa ya dubi wajen juji, ya dubi yayarsa. Sa’an nan ya miƙe ya fita tsakar gida, ya cika ƙirjinsa da iska.

“Lawwali!”

Matan da ke bakin rijiya sun ce har can suka ji. Yaron ya saki akuya ya rarrafo wajen ubansa. Da Illa ya ɗauko shi ya koma ɗaki ya nuna mata, ya tarar ta riga ta amsa nata kiran.