Mai Juya Durom ɗin Hajiya Hamdiya

Sa'a ta taso a ruga tana burga nono, har ranar da ɓarayi suka kore shanun gidansu. Da ta shigo Keffi neman aiki, Hajiya Hamdiya mai wankin kayan ɗalibai ko sunanta ba ta tambaya ba. Damtsenta kawai ta latsa, ta ce wannan ta yi.

Injin wankin Hajiya irin na da ne, wani mai walda a Sabon Gari ya haɗa mata. Durom ne a tsaye, da katako mai fiffike a ciki kamar maburgi, sai mariƙi a sama. Ba ya shan mai, ba ya jiran wuta, Sa'a ce ke juya shi wuni guda. Baƙo in ya zo, Hajiya ta shafa durom tana sa masa albarka. Sa'a kuwa ko sannu.

Shekara da shekaru ana haka, har kafaɗarta ta ƙi ɗaguwa. Hajiya ta kira mai walda ya duba ko an lanƙwasa mata mariƙi. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta yi hamdala, sannan ta waiwayo.

"Ke, ba ki da wata ƙanwa a ruga?"