Finjalin Gahawar da Na Ajiye a Khaibar

A duk shekarun da na yi a wannan aiki, ranar da ba ta taɓa barin zuciyata ba ita ce ranar da na ajiye finjalin gahawa a Khaibar ban sha ba. Ku da kuka shigo kwanan nan, bari in ba ku labarin.

A lokacin ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen awon ruwa na kamfaninmu a Madina, ban daɗe da zuwa daga Kano ba. Kamfanin yana neman zafin da Allah ya ɓoye a ƙarƙashin baƙaƙen duwatsun nan da ake kira harra. A haƙa rami mai zurfi, a jawo ruwan zafi, tururinsa ya juya injin lantarki. To amma ruwan saman da ke sauka a kan harrar, shi ne ke tsiyaya ta cikin duwatsu ya ɓulɓulo a idanun ruwan Khaibar ya shayar da dabino. Shi ya sa izinin da hukuma ta ba mu ya zo da sharaɗi: ba a haƙa kusa da idon ruwan mutum sai da yardarsa, kuma in awo ya nuna ruwa na raguwa, aiki ya tsaya.

Wurin da ya fi zafi yana dab da gonar wani dattijo, Ammi Yunusa, wato Baffa Yunusa, wanda kakansa ya tako daga Katsina zuwa hajji bai koma ba. Ya ƙi a haƙa, ya ƙi ma a sa ma'auni a ruwansa. Sai shugabanmu, Muhandis Khalid, wato injiniya, ya ce mini, "Ya Sani, shirya mu tafi. An ce tsohon nan in ya ji Hausa fuskarsa sakewa take yi."

Mun isa bayan la'asar. Bayan tafiya cikin duwatsu baƙi ƙirin, sai ga gonar kore shar kamar mafarki. Ammi Yunusa ya shimfiɗa mana darduma a bakin idon ruwan, ya zuba mana gahawa da hannunsa. Muhandis ya shanye tasa, ya shiga bayani.

Ni kuwa ruwan nan ya tafi da ni. Yana fitowa daga gindin dutse a hankali, kamar mai jin kunya, inuwar dabino na rawa a kansa. Sai na ga fuskar Zulai matata a ciki, da irin murmushin da ta yi mini ranar da ta raka ni zan taho, tana ɓoye hawaye da gefen mayafi. Ban san lokacin da na ajiye finjalina a ƙasa ba, cike, ban ko kai shi baki ba.

Shirun da aka yi ne ya dawo da ni. Abin da ban sani ba, a al'adar mutanen nan, baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba, buƙata mai nauyi ya zo da ita, kuma babban abin kunya ne mai gida ya mayar da shi bai biya masa ita ba.

Ammi Yunusa ya dubi finjalin, ya dubi wani layin dabino. "Wancan layin matata Hajiya ce ta dasa shi, Allah ya jiƙanta," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Sha gahawarka, ya waladi, ɗana. Ɗan ƙasar kakana ba zai ajiye finjali a gidana ya tashi hannu wofi ba. Abin da ya kawo ka, ka samu."

Muhandis ya matso ya raɗa mini, "Allah ya buɗe mana ƙofa. Ce masa ya bar mu mu haƙa ramin kusa da idonsa."

Na buɗe baki, sai idona ya sake faɗawa kan ruwan. Tsohon ya riga ya sunkuyar da kai, kamar mai jiran wuƙa.

"Ammi," na ce, "buƙatata ka bar ni in sa ma'aunina a idon ruwanka. In ya ragu ko da kaɗan ne, shi zai yi maka shaida, doka ta tsayar da mu."

Ya ɗago, ya daɗe yana kallona, sai ya fashe da dariya. "Kai Bakano! Ka ɗaure raƙumi ka kwantar, sannan ka ce gashinsa ɗaya kake so? Yalla, sha kafin ta huce!"

Ta riga ta huce. Na shanye.

A hanyar Madina ina ta tunanin yadda zan gaya wa Zulai an sallame ni. Sai da fitilun gari suka bayyana Muhandis ya ce, "Daga yau, in an ba ka gahawa ka sha." Can kuma ya ƙara, "Ma'aunin, kai za ka riƙa zuwa duba shi."

Aka haƙa ramin can nesa. Da aka fara gwajin jan ruwa, ma'aunin ya nuna idon ya ɗan ja baya. Muhandis da kansa ya tsayar da aiki, aka gyara tsari, ana mayar da ruwan cikin ƙasa bayan an ɗauki zafinsa. A hankali idon ya dawo yadda yake.

Abin da na koya shi ne, doka takan ce a nemi yardar mutum, amma ba ta iya duba yadda aka samo yardar. Wannan yana hannunmu, mu da muke zama a kan dardumar mutane. Har yau nakan je Khaibar in duba ma'aunin. Da Ammi Yunusa ya miƙo mini finjali, sai ya riƙe shi gam ya ce, "Sha a hannuna, Bakano. Ban yarda ka kai shi ƙasa ba."